T42 ta ƙi tashi da XP: diskidur na hannu, katin CF, ko mSATA da adafta?

Wa alaikumus salam, Malam. Cikin ukun da ka lissafa don maye gurbin diskin kwamfutarka ThinkPad T42 mai Windows XP, ɗauki mSATA (ƙaramin diski marar faifai da allura) da adaftarsa, ka bar diskidur na hannu da katin CF (katin ajiya irin na kyamara). Tunda ka ce tana ƙwas-ƙwas sannan ta rubuto "Operating System not found", kuma XP ɗin kake so saboda injin yankan sitika mai shiga ta faffaɗan bakin firinta, zaɓin bai da wuya. Sai dai kafin ka fid da ko dala, tabbatar diskin ne ya mutu, don kwamfutar da aka ƙera a 2004 tana da cututtuka uku ko huɗu masu kama da juna.

Kunna ta ka danna F1 ka shiga BIOS, shafin saitin kwamfutar da ke zuwa kafin Windows, ka dubi kwanan wata. In ya koma shekarun baya, ko ta nuna lamba 0271 ko 0251 tun kafin ta nemi Windows, ƙaramin batirin agogo ne ya ƙare. CR2032 ne mai volt 3, naɗe cikin leda da wayoyi biyu da ɗan soket, sai an ɗaga madannai ake kai gare shi. Sayi mai waya tun daga shago. Kada mai gyara ya ɗora dalma kai tsaye a kan batir tsirara, zafi na iya fasa shi. Abu guda da za ka tambayi kanka kafin a taɓa shi: akwai babbar kalmar sirri ta BIOS (supervisor) da wani ya sa ya manta? A ThinkPad ba ta gogewa da cire batir, tana zaune cikin wani guntu daban, kuma da agogo ya rikice sai kwamfutar ta neme ta kafin ta bar ka ka gyara kwanan watan. In "Fan error" ta rubuta ta mutu, ƙurar hunturu ce ta daskare fankar. Danna Esc zai wuce da kai sau ɗaya don gwaji, amma magani shi ne a buɗe a share a sa sabon man sanyaya firosesa. In kuwa allon baƙi ne ƙirin, ko zane-zane yake yi, ya gyaru in ka danna jikin kwamfutar, dalmar guntun hoto na ATI ce ta saki, ciwon da ya yi wa T40 zuwa T42 yawa saboda ɗaukar su da ake yi da hannu ɗaya ta kusurwa. Wannan babu diskin da zai warkar da shi, kada ka ɓata kuɗinka.

Saƙonnin da ke fitowa bayan BIOS ta wuce su ma suna da bambanci. "NTLDR manque" a XP na Faransanci, ko shuɗin allo mai lamba 0x000000ED, sau da yawa ba mutuwar diski ba ce, lalacewar fayil ce bayan an ɗauke wuta tana cikin rubutu. Faifan CD na XP, ka danna R, ka buga chkdsk /r, sannan fixboot, yakan tashe ta. In NTLDR ɗin ne ya ɓace sai ka kwafo ntldr da ntdetect.com daga jakar i386 ta faifan. Amma lamba 0200, ko BIOS ta daina ganin diskin a jerin F12, ga kuma ƙarar nan da ka ji, wannan kan allurar ce ta gaza. Daina kunna ta. Kowace kunnawa ƙara kankare faifan take yi.

Yanzu ga zaɓin.

Diskidur na hannu, mai tsohon bakin haɗi na IDE, inci 2.5 da haƙora 44: zai shiga, zai yi aiki, shi ke nan abin da zan iya faɗa na alheri a kansa. An fi shekara goma da daina ƙera irinsa, don haka duk wanda ka gani a tebur, ko an goge shi yana sheƙi, daga gawar wata kwamfuta aka zaro shi. Kamar tayar gwanjo ce, zanen yana nan amma robar ta sha rana. Yawancinsu an rubuta musu iyakar zafi digiri 55, kai kuwa ka san yadda shago ke zama a Maraɗi a watan Afrilu da Mayu in iskar waje ta haura 40. Ƙara da cewa batirin T42 ɗinka, in na asali ne, ba ya riƙe ko minti biyar, to duk ɗaukewar wuta faɗuwa ce ga allurar da ke shawagi a kan faifai.

Katin CF ya fi haka mutunci, kuma ina ganin dalilin da ya sa masu tsofaffin kwamfutoci ke son shi. CF da IDE yare ɗaya suke ji, adaftar waya ce zalla babu guntu a ciki, don haka ba abin da zai lalace. Ga DOS ko Windows 98 babu kamarsa: kati mai giga 4 ko 8, FAT32, an gama. XP ne bai jituwa da shi. Galibin katunan kyamara suna gabatar da kansu a matsayin abin cirewa, kamar kile USB, sai XP ya ƙi ajiye fayil ɗin musanyar ƙwaƙwalwa a kansu, wasu shirye-shiryen ma su ƙi sauka. Sannan an yi su ne don rubuta manyan hotuna ɗaya bayan ɗaya, XP kuwa ƙananan rubuce-rubuce yake yi ba tsayawa, shi ya sa za ka ga linzami ya daskare na ƴan daƙiƙu ya sake. Katin masana'antu da ke nuna kansa a matsayin diski kafaffe yana magance matsalar farko, amma samunsa a nan wuya, kuma kuɗinsa ba ya da sauƙi.

mSATA kuwa SSD ne na gaske, wato diski na guntayen lantarki, ɗan ƙarami, da aka zaunar cikin adafta mai siffar tsohon diskin. T42 da ke jan injin yanka a teburina a kan haka take, mSATA mai giga 64 da XP SP3. Kafin ka gama gyara zaman sitikar a inji ta riga ta buɗe, ba ƙara, wurin ɗora hannu ya daina ɗumi, in wuta ta tafi ta dawo sai ta tashi kamar ba a yi komai ba. Ba wai gudu ne na fitar hankali ba: hanyar IDE ɗin T42 ba ta wuce mega 100 a daƙiƙa ko a takarda. Inda ribar take shi ne nemo fayil. Tsohon diski sai allura ta yi tafiya, kusan kashi 15 cikin dubu na daƙiƙa kowane nema. SSD bai kai kashi ɗaya ba. XP kuwa dubban ƙananan fayiloli yake buɗewa in zai tashi.

Wajen sayen ne ake faɗawa rami, don haka bi a hankali. Adaftar da kake nema ita ce mSATA zuwa IDE mai haƙora 44, mai guntun JMicron JM20330. Lambar tana rubuce a kan guntun, sa a buɗe maka ka karanta. Kwamfutar volt 5 take ba diski, mSATA kuwa 3.3 yake ci, to dole adaftar ta zama mai rage wuta. Akwai mai 3.3 zalla da aka yi wa wasu injuna daban, kamanninsu ɗaya, in ka sa ta za ka iya ƙona SSD ɗin. Zaɓi mai gida, wadda tsawo da faɗi da kaurinta suka yi daidai da tsohon diskin, milimita 9.5, don adafta tsirara marar gida tana lilo cikin ramin kuma fid da ita aiki ne. SSD ɗin kansa mSATA, ba M.2 ba, ba NVMe ba. Katin wifi na mini PCIe ma bakinsa ɗaya da mSATA amma ba abu ɗaya ba ne. Girma kuwa giga 64 ko 128, kada ka wuce. Akwai tsohuwar iyaka ta giga 137 da XP na farko, wanda bai da SP1, ba ya gani bayanta, kuma babu abin da injin yanka zai yi da giga 256. In babu a Maraɗi, masu zuwa Kano ta Ɗan Isa da Jibiya za su iya dubo maka a shagunan kwamfuta na titin Beirut. Ba su hoton adaftar da lambar guntun a waya, kada ka tura su da baki kawai.

Sa shi ba wuya. Cire caja da batir, ƙusa ɗaya ce a ƙasan kwamfutar ke riƙe da diskin, buɗe murfin allon kaɗan sannan ka ja. Mayar da marfin gefe a kan adaftar. Dubi haƙoran da kyau: 44 a jere da gurbin ɗaya babu, sai wasu huɗu a ware gefe. Huɗun nan ba sa shiga soket, na zaɓin master da slave ne, ka bar ta a master. In ka ji tana turjewa kada ka danna, juye take ko ta goce da layi ɗaya.

Ga matakin da masu gyara da yawa ke tsallakewa. XP yana fara yankin diski daga sashe na 63, wanda bai dace da yadda SSD ke rubutu ba, sai kowane rubutu ya zama biyu. Tashi kwamfutar da faifan Windows 7 mai bit 32, a allon farko ka danna Shift da F10, ka buga diskpart, list disk, select disk 0, clean, create partition primary align=1024 size=50000, active. Wannan size ɗin na mai giga 64 ne, ya bar kusan kashi ɗaya cikin biyar babu kowa, kuma da gangan ne: XP bai san TRIM ba, umarnin da ke gaya wa SSD wuraren da aka goge, filin da ka bari shi SSD zai riƙa juyawa a ciki. Fita, sa faifan XP, zaɓi yankin nan ka yi masa NTFS mai sauri, kada ka goge shi ka sake yanka. Yi amfani da CD, don saukar da XP ta kile USB a injin nan wahala ce da ba ta da lada. Bayan ya sauka ka sa direbobin Intel 855PM da farko, sannan na hoto da sauti. Buga devmgmt.msc, ka duba tashar IDE ta farko: Ultra DMA 5 ake so. In ka ga PIO, hanyar da ta fi jinkiri, XP ne ya sauke gudun da kansa bayan kurakurai shida. Cire tashar daga jerin ka sake kunnawa. In DMA 2 ta tsaya a kai, adaftar ce ba ta da kyau, mayar musu. Kada ka taɓa yi wa SSD defrag, wato sake jera fayiloli da ake yi wa tsohon diski.

Mai T43 da ke karanta wannan, taka za ta riƙa nuna lamba 2010 da duk diskin da ba na kamfani ba, sai ka danna Esc. Mai T60 kuma ba ruwansa da adafta, SATA ce. In XP ya ba shi shuɗin allo 0x0000007B, ya mai da SATA daga AHCI zuwa Compatibility a BIOS.

Ba ka tambaya ba amma zan faɗa. Wasu masu tebur suna manna sabuwar takarda a kan tsohon diski su ce "na kwali ne". Sa shi a shirin duba lafiyar diski CrystalDiskInfo a gabansu ka dubi layi 09, awannin da ya yi aiki, da 05 da C5, sassan da suka lalace. Biyun ƙarshe in ba sifili ba ne, ajiye musu. In kuma diskin 2006 ya nuna awa sifili, goge lissafin aka yi. Katin CF da SSD marasa suna akwai masu ƙaryar girma: a jiki 128, a ciki 16, sai ka cika su fayiloli su fara ɓacewa. Shirin H2testw yana tona wannan, yana cika diskin ya karanta, sai dai yana cin lokaci, don haka ku yi sharaɗin mayarwa kafin ka biya. Wanda ya ce zai sa maka Windows 10 a T42 kuɗin aiki kawai yake so, Pentium M ɗinta ba ya da abin da Windows 10 ke nema. Caja kuma volt 16, amfiya 4.5, mai volt 19 da aka canza wa baki kada ta shiga jikinta ko da "gwaji" ne.

Tsohon diskin kada ka yar. Haɗa shi da wata kwamfuta ta adaftar USB zuwa IDE sau ɗaya, in ya buɗe ka fara kwashe zanukan kwastomomi da jakar shirin injin yanka, sauran su biyo baya. In ya karantu gaba ɗaya, shirin ddrescue zai iya kwafe shi dungurungum zuwa mSATA, wataƙila ka tsira da lasisin shirin injin. Yankin zai zauna a 63, amma ko a haka ya fi tsohon diskin gudu nesa. Microsoft ta daina yi wa XP gyara tun 8 ga Afrilu 2014, to kashe wifi ɗinta, ka ware mata kile USB guda wadda ba ta yawo shagunan fotokofi, kuma ranar da komai ya zauna ka ɗauki cikakken kwafin diskin da shirin Clonezilla ka ajiye a wani wuri.