Sharhi: Taskar Muryoyin 'Yan Mazan Jiyan Amurka, Amfaninta da Inda Take Wahalar da Mai Bincike

Veterans History Project shiri ne na Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka da ke Washington. Majalisar ce ta kafa shi da doka a shekarar 2000, Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a watan Oktoba na shekarar. Aikinsa tattara labarin yaƙi daga bakin sojojin da suka yi shi, tun daga Yaƙin Duniya na Ɗaya har zuwa Iraƙi da Afganistan. Akwai hirar murya da ta bidiyo, akwai wasiƙu da hotuna da littattafan da sojoji suka riƙa rubuta abin da ya same su kullum. Tarin ya haura na mutum 100,000. Ana shiga ta shafin loc.gov/vets kyauta, ba rajista. Hukuncina bayan amfani da shi: taska ce mai daraja ƙwarai, amma wanda bai san yadda aka jera kayan ba zai sha yawo ya fito hannu rabbana.

Kowane soja yana da shafinsa. A kai za ka ga sunansa, yaƙin da ya halarta, ko sojan ƙasa ne ko na ruwa ko na sama, rundunarsa, muƙamin da ya kai, wuraren da ya yi aiki, da ko an taɓa kama shi fursunan yaƙi. Da waɗannan ake tace bincike. Abin lura shi ne, bayanan nan duka daga fom ɗin da tsohon sojan ko mai yi masa hira ya cika suka fito. Abin da bai rubuta a fom ba, mashigin bincike ba zai nuna maka shi cikin sauƙi ba, ko da ya yi minti ashirin yana labarinsa a cikin faifan.

Inda taskar ta fi ƙarfi shi ne ƙananan abubuwan da littafin tarihi kan tsallake. Waɗanda suka yi aiki a Bama, wato Myanmar ta yau, da tsibiran Pasifik sukan ambaci Atabrine, ƙwayar rigakafin zazzaɓin cizon sauro da aka tilasta musu sha, wadda ke mai da fatar mutum rawaya. Za ka ga wasiƙun V-mail, waɗanda aka fara a 1942: soja ya rubuta a takarda ɗaya, a ɗauki hotonta a ɗan siririn fim, a tura fim ɗin ta jirgin sama, can a gida a buga ta ƙarama a kai wa iyalinsa. Dabarar rage nauyi ce, don a bar wa kayan yaƙi fili a jirgi. A wasu wasiƙun kuma za ka tarar an datse layi da reza ko an shafe shi da baƙin tawada, aikin jami'in da ke tace wasiƙu ke nan. Ganin wannan a allo yana sa mutum ya fahimci halin da uwa ko mata ke ciki a gida, tana riƙe da takardar ɗanta ko mijinta amma ba ta san ƙasar da yake ba.

Ga mai son farawa, hirar Frank Buckles wuri ne mai kyau. Shi ne sojan Amurka na ƙarshe da ya rage daga Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya rasu a Fabrairun 2011 yana da shekara 110. Ya ƙara wa kansa shekaru ya shiga soja a 1917 yana ɗan 16, ya tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya a Ingila da Faransa. A yaƙi na biyu kuma, yana farar hula, Japanawa suka tsare shi a Filifin sama da shekara uku.

Matsala ta farko ita ce ingancin hirarrakin bai zo ɗaya ba. Ba ma'aikatan ɗakin karatun ne ke yin su ba, 'yan sa-kai ne: jikoki, ɗaliban sakandare, ma'aikatan gidajen kula da tsofaffi. Wani ya iya tambaya, ya san lokacin da zai yi shiru ya bar dattijo ya gama tunani. Wani kuwa takardar tambayoyi kawai yake bi, sai tsoho ya kai ga gaɓar da ta fi muhimmanci ya katse shi da tambaya ta gaba, abin ya ba ka takaici. Sauti ma haka. Idan an ajiye na'ura nesa da bakin mai magana, ko na'urar sanyaya ɗaki tana ƙara, muryar ɗan shekara 85 takan nutse. Ga wanda Turanci ba harshensa ba ne, karin maganar mutanen kudancin Amurka da taƙaitattun kalmomin soja suna ƙara nauyi. Maganinsa a fara da hirarrakin da ke da rubutaccen kwafi, a riƙa karantawa ana sauraro da abin ji na kunne. Ba duka ke da kwafin ba. Kuma ba kowane tari aka ɗora a intanet ba. Wasu sai an je ɗakin karatun a Washington bayan an nemi lokaci tun da wuri. Hirar bidiyo takan kai awa ɗaya ko biyu, don haka mai amfani da datar waya gara ya nemi ta murya.

Matsala ta biyu ta fi ta farko nauyi. Ɗakin karatun ba ya tantance gaskiyar abin da aka faɗa, kuma ya bayyana haka da kansa. Wanda ya yi yaƙi a 1944 aka yi hira da shi a 2004 yana tuno abin da ya wuce da shekara 60. Ranaku kan sauya, sunayen garuruwa kan gauraye, abin da ya ji daga abokinsa ko ya karanta daga baya kan shiga cikin abin da ya gani da ido. Wannan ba ƙarya ba ce, halin ƙwaƙwalwa ne. A karɓi shaidarsa kan yunwa da tsoro da laka da yadda aka bi da shi, amma rana da adadi a gwada su da tarihin rundunarsa kafin a rubuta.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. A Yaƙin Duniya na Biyu jiragen yaƙi da na kaya sun riƙa bin hanya daga Takoradi da Akara, su sauka Kano da Maiduguri, su wuce Fort Lamy, wato Njamena ta yau, da El Fasher da Khartoum har Alƙahira. Kamfanin Pan American ya yi jigila a hanyar daga 1941, a 1942 rundunar sufurin jiragen sojan Amurka ta karɓe ta. Sai dai matuƙin da ya kwana biyu a Kano da wuya ya rubuta Kano a fom. Zai sa Afirka ko Indiya, inda aka tura shi. Wasiƙunsa ma ba za su taimaka ba, tunda an hana shi ambaton wuri. Hanyar da ta fi ita ce a nemi Air Transport Command, sunan waccan rundunar sufuri da Turanci, ko ferry pilot, wato matuƙin da ke kai jirgi inda za a yi aiki da shi, a buɗe rubutattun kwafin, a binciki sunan garin a cikinsu ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne irin na tsince tsakuwa a shinkafa, yana son haƙuri.

Haka batun Yaƙin Bama, inda kakanninmu na Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yi yaƙi. Ba su cikin wannan taska, domin ta Amurkawa ce. Amma kalmar China-Burma-India, sunan da Amurka ta ba wannan fagen yaƙi, za ta kai ka ga waɗanda suka sha damina da dazuzzuka iri ɗaya da su: matuƙan jiragen kaya samfurin C-46 da C-47 da suka riƙa tsallaka tsaunukan Himalaya, da injiniyoyin da suka fasa hanyar Ledo da ta tashi daga Indiya ta ratsa Bama, waɗanda mafi yawansu baƙaƙen fata ne. A lokacin sojan Amurka a rabe yake bisa launin fata, sai a Yulin 1948 Shugaba Truman ya ba da umarnin kawo ƙarshen hakan. Hirarrakin waɗannan mutane na cikin waɗanda suka fi cancanta a saurara.

Ƙa'idojin karɓar kaya a fili suke, kuma duk mai shirin ɗaukar muryar wani dattijo zai ƙaru da su. Hira kada ta gaza minti 30, rubutu shafi 20, hotuna ko wasiƙu guda 10, kuma na asali ake so ba kwafi ba. Sojan da mai hirar kowa zai sa hannu a takardar amincewa. Suna gargaɗin kada a aika ta gidan waya, a bi ta kamfanin isar da saƙo, domin tun bayan wasiƙun da aka sa wa ƙwayar cutar anthrax a 2001 ana gasa saƙonnin Majalisa da haske mai kashe ƙwayoyin cuta, shi kuwa yana lalata faifai da hoto. Daga 2016 an buɗe ƙofa ga iyalan waɗanda suka mutu a bakin aiki su ma su ba da labari. Haƙƙin mallaka yana hannun sojan da mai hirar, saboda haka mai son sa wani yanki a littafi ko shirin rediyo sai ya nemi izininsu ko na magadansu tukuna.