Mai shagon da ya hana ni sayen furosesa a Hamburg

'Yan'uwana na Birnin Kebbi masu sana'ar ɗaukar bidiyo, ku zo ku ji abin da na gani a Jamus.

Kwamfutata ta tsufa. In na tace bidiyon biki ko na wa'azi na sa shi renda (wato kwamfuta ta haɗa shi ta fitar da shi a kammale), sai in ci abinci in yi sallah in dawo bai kai rabi ba, ga yarana sun matsa da buga gem. Sai na shiga wani shagon kayan kwamfuta da kuɗina a aljihu, niyyata in sayi furosesa, wato injin da ke sarrafa aikin kwamfuta, ƙirar Intel Core i5-14600K. Yaron shagon ya tambaye ni aikin da nake yi, na faɗa masa. Budar bakinsa sai ya ce kada in saya yau. Wai AMD, kishiyar Intel a ƙera furosesa, za ta fitar da Ryzen 5 9600X da Ryzen 7 9700X ranar 8 ga Agustan shekarar, wato 2024, in jira in ga gwajin da masana za su yi, kuma ko ban so sababbin ba, farashin tsofaffin kan sauko.

Wallahi tsayawa na yi ina kallonsa. Ciniki a hannu, ya ce in koma gida! Bai tsaya nan ba, ya jawo takarda ya zana mini. Na Intel ƙwaƙwalwa 14 gare shi (wato sassan da ke raba aiki a cikinsa), ga Quick Sync mai saurin fitar da bidiyo, don haka a renda ba a raina shi. Amma in aiki ya yi nauyi yakan ja wuta har wat 181, kuma mazauninsa na LGA1700 ya zo ƙarshe, furosesa na gaba sai an sake madabod, wato allon da ake dasa shi a kai. Ya ma gaya mini matsalar tsinkewa da ta addabi furosesan Intel zubi na 13 da na 14, har da wannan, wadda ta sa kamfanin ya ƙara garantin shekara 2. Shi kuwa 9600X ƙwaƙwalwa 6 ne, wat 65, kuma AMD ta yi alkawarin riƙe mazauninsa na AM5 aƙalla har 2027. Kaya yana kan kantarsa, yana faɗa mini aibinsa da bakinsa.

A gida fa? Ka tura kuɗi Legas ko Kano, a ɗora maka kaya a mota, ka buɗe ka tarar da tokumbo an goge shi an ce sabo ne dal. Ka yi waya, a rantse maka da Allah lafiya lau ya bar shago. Rasit ɗin ma an rubuta ba a mayar da kaya. Mu da ke jin wa'azin amana kullum, me ya same mu? Nan in ka saya ta intanet, doka ta ba ka kwana 14 ka mayar ba tare da ka faɗi dalili ba, ga shekara 2 na haƙƙin gyara in kayan ya zo da aibi.

Ba wai nan Aljanna ba ce. Harajin kashi 19 na cikin farashin yawancin kaya, kuɗin wuta na cizo, ranar Lahadi shaguna a rufe, kuma babu wanda zai ce maka "Alhaji, kawo abin da ke hannunka." Wannan tayin, da hirar bakin shago ana shan fura, ina kewarsu ƙwarai.

Ni 9700X na yanke shawarar jira a lokacin, don ƙwaƙwalwa 8 sun fi dacewa da renda, gem kuma katin hoto ne ke ɗaukar yawancin nauyinsa. Ku da ke fama da zafin Afrilu da ƙurar hunturu, kuna aiki da janareta ko sola, ku duba wat kafin ku duba sauri. Ku ware kuɗin fanka mai kyau da UPS (batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta), kuma ku tuna AM5 ba ya karɓar tsohon RAM ɗinku na DDR4, sai DDR5.