Sharhi Kan KoboToolbox: Wa Ke Riƙe da Bayanai Idan Ma'aikatan Agaji da Jami'a Suka Haɗa Aiki?

A duk lokacin da ƙungiyar agaji da jami'a suka ƙulla aikin bincike tare, akwai tambayar da ake yawan ɗagewa sai aiki ya yi nisa, wato wa ke da iko a kan bayanan da aka karɓo daga bakin mutanen da bala'i ya shafa. Da wannan tambaya na auna KoboToolbox, manhajar tattara bayanai da ƙungiyoyin agaji suka daɗe da runguma, wadda ita kanta irin wannan haɗin gwiwa ne ya raine ta. Phuong Pham da Patrick Vinck ne suka faro ta a 2005, ta bunƙasa a cibiyar nazarin ayyukan jinƙai ta Jami'ar Harvard da ke Amurka, sannan a 2014 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai daidaita ayyukan agaji, OCHA, ya shigo aka buɗe ta ga ma'aikatan agaji.

Ɓangaren tattara bayanai ba ya bukatar dogon bayani. Ana tsara tambayoyi a shafin intanet ko a fom ɗin XLSForm (tsarin rubuta tambayoyi a fayil ɗin Excel), a fassara su zuwa harsuna da yawa, masu zagayen tambayar jama'a su cika da manhajarta ta waya, KoboCollect, a wayar Android ko da babu intanet, su tura idan sun samu. Wannan duka yana tafiya lami lafiya.

Inda manhajar ta fi burge ni shi ne rabon izini. Mai aikin zai iya ba wani damar ganin fom kawai, wani ya gyara shi, wani ya tura amsoshi, wani ya duba su, wani ya tantance, wani kuma ya goge, har ma ana iya taƙaita mutum ga amsoshin da wasu masu zagaye kaɗai suka turo. Amfanin wannan a bayyane yake, domin bukatun ɓangarorin biyu sun bambanta tun daga tushe. Ma'aikacin agaji yana son sunan iyali da wurin da suke zaune don ya kai musu taimako cikin kwanaki, alhali malamin jami'a yana son alƙaluman da za su jure binciken takwarorinsa, sau da yawa kuma kwamitin ɗa'ar bincike bai amince ya riƙe sunaye ba. Idan an rubuta yarjejeniya mai kyau, kusan kowace ƙa'idarta tana da gurbin da za a aiwatar da ita a nan.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙar. Kowane aiki yana zaune ne a ƙarƙashin asusun mai shi, kuma shi, ko wanda ya ba ikon gudanar da aikin, ke ba da izini, ke kuma janye shi. Idan ɗalibin digiri na uku ne ya buɗe aikin da asusunsa saboda shi ya fi kowa iya kwamfuta, ko wani jami'in fili da kwantiraginsa zai ƙare bayan watanni shida, to haɗin gwiwar manyan hukumomi biyu ta rataya a wuyan mutum ɗaya ba tare da kowa ya zauna ya yanke hakan ba. Ana iya mayar da mallakar aiki zuwa wani asusu, amma wannan yana da sauƙi ne lokacin da ake ga maciji da juna. Haka nan, da zarar wanda ke da izini ya sauke bayanan zuwa fayil ɗin Excel ko CSV, ikon manhajar ya ƙare. Abin da ya rage shi ne amana da abin da aka sa wa hannu.

Batun inda bayanan ke ajiye ma ya cancanci zama na musamman. Akwai rumbun ajiyar bayanai na intanet da ake amfani da shi a duniya baki ɗaya, akwai na Tarayyar Turai, wanda jami'o'in da dokar kare bayanan mutane ta Turai, GDPR, ta ɗaure sukan fi so, kuma tun da lambobin kwamfuta da aka gina manhajar da su a buɗe suke ga kowa, hukumar da ke da ƙwararru za ta iya ɗora ta a nata rumbun. Ana kuma iya kulle amsoshi da mabuɗin sirri, amma hakan yana hana a karanta su kai tsaye a shafin, ga shi kuma dole a yanke wanda zai riƙe mabuɗin, wanda idan ya ɓace bayanan sun tafi ke nan.

Ina ba da shawarar amfani da ita ba tare da ɗar-ɗar ba, bisa sharaɗin a buɗe aikin da asusun hukuma, a raba sunaye da sauran amsoshi tun a tsarin fom, kuma a rubuta wanda zai sauke bayanai, da ranar da za a goge su, kafin mai zagaye na farko ya fita.