Cibiyar koyon Jamusanci da shawarar fita waje: ra'ayina bayan na gama zangon farko

Jama'a da dama sun yi ta tambayata kan cibiyar nan da nake zuwa a Kano, wadda ke koyar da Jamusanci tana kuma ba masu sana'a shawara kan hanyoyin fita aiki waje, shin ta cancanci kuɗin ko ita ma irin su o'o ce. To a taƙaice dai ta cancanta, amma akwai gyara, kuma zan faɗe shi.

Abin da ya fara kwantar min da hankali shi ne ba sa sayar da biza. Ranar rajista wani bawan Allah ya tambayi mai kula da ajin nawa zai biya a samo masa takardar ɗaukar aiki ta Ingila, ta ce masa Malam mu ba ma wannan, duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sayar maka da ita ka riƙe aljihunka, domin kamfanin da ya ɗauke ka shi ke fitar da ita kuma shi doka ta ɗora wa kuɗinta. Wallahi mutane nawa muka sani da suka sayar da fili ko mota suka miƙa wa ejan saboda aikin kula da tsofaffi, alhali tun Maris 2024 aka hana masu wannan aikin tafiya da iyali, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗauko su daga waje gaba ɗaya, albashin da ake nema a bizar ƙwararru ma ya koma fam 41,700 a shekara. Duk a zaman farko aka faɗa mana wannan ba ɓoye-ɓoye, wasu ransu bai so ba amma gaskiyar kenan.

Ni HND gare ni a fannin lantarki, shi ya sa na fi karkata ga Jamus. Sun zaunar da ni sun yi min bayanin Chancenkarte, katin neman aiki da aka fara a Yunin 2024, wanda yake ba mutum shekara guda ya je ya nemi aiki da kansa, yana iya yin aikin wucin gadi na awa 20 a sati kafin ya dace. Maki 6 ake nema, kuma a gabana aka ɗauki biro aka lissafa: wanda bai wuce shekara 35 ba maki 2, gogewar aiki ta shekara 5 maki 3, Jamusanci matakin A2 (matakan iya harshe suna hawa ne daga A1, A2, B1, B2 zuwa sama) maki 1, B1 maki 2. Daga nan sai ta juya takardar ta rubuta 1,091, ta ce wannan yuro ne, kuma na kowane wata ne da za ka nuna kana da shi bisa ƙa'idar 2025, ka ninka sau 12 ka mayar naira. Nan jikina ya yi sanyi gaskiya. Amma gara na ji a kan kujerarsu da in je in ji a ofishin jakadanci bayan na gama kashe kuɗi. Sun kuma nuna min yadda zan duba makarantarmu a anabin, shafin da Jamus ke nuna makarantun waje da ta amince da takardunsu, tun kafin in fara tara takardu.

Ɓangaren Kanada ba su zurfafa sosai ba, sun dai bayyana Express Entry, wato tsarinsu na zaɓar ƙwararru ta hanyar maki, makin da ke kaiwa 1,200, jarrabawar Turanci ta IELTS, tantance takardun karatu a cibiyar WES, da cewa maki yana fara raguwa da zarar mutum ya kai 30. Suka ce su ba su da lasisin wakiltar kowa a can don haka ba za su karɓi kuɗin cike fom ba. Na ji daɗin wannan.

Karatun kansa malamar ta iya, ba ta gajiya da maimaici, kuma idan ta ga an cije sai ta sauko ta yi bayani da Hausa. Matsalar ita ce mun yi yawa a aji. Harshe kuwa sai da baki, in ba ka furta ba ba zai zauna ba, to a ajin da layi bai cika zagayowa kanka ba sai ka tashi kana iya cike gurbi a takarda amma a ce ka gabatar da kanka sai harshe ya sarƙe. Ga wuta, in an ɗauke sai an ɓata lokaci kafin a tada janareta, darasin sauraro ya tafi kenan, ga zafi. Littafin ma kwafi ne da wasu shafukan ba sa karantuwa. A kuɗin da suke karɓa ya kamata a ce sun sa sola sun kuma raba ajin biyu. Ni dai da darussan DW na kyauta nake cike giɓin sauraron a waya da daddare. Sannan ku sani takardar da cibiyar ke bayarwa ba ita ake karɓa a biza ba, sai ka zana jarrabawar Goethe ko telc ko ÖSD, cibiyoyin da ake karɓar shaidarsu ta Jamusanci, mu Legas muke shirin zuwa, kuɗin mota da masauki da na jarrabawa duk a kanka. Sun faɗa, amma a ganina da babban baƙi ya kamata su rubuta shi a takardar talla.

Abin da ya fi min komai kuwa zaman Asabar ne, kuma ba a ƙara ko kwabo a kansa. Ana haɗa duk azuzuwan, ma'aikatan jinya, masu walda, masu kwamfuta, 'yan Sabon Gari da 'yan cikin gari, har da wasu 'yan Maraɗi da ke kasuwanci a nan. Su 'yan Nijar ɗin ma a nan muka gane ashe suna zaune kan dukiya, don tun 2023 Kanada ke ware gayyata ta musamman ga masu jin Faransanci, yanzu ɗaya daga cikinsu yana koya wa wasunmu Faransanci su kuma suna taya shi Turanci. Wani lokaci a kira wanda ya riga ya tafi ta bidiyo. Wata ma'aikaciyar jinya da ke can ta ce mana, 'yan uwa ku sani a asibitin Jamus babu ɗan uwa mai zaman jinya da tabarma da fulas, ke nas ke za ki yi wa mara lafiya wanka ki ba shi abinci ki gyara shi, namiji ne ko mace, kuma sai da Jamusanci matakin B2 za a ba ki lasisi. Ajin ya yi tsit, daga baya muhawara ta kaure, wasu matan suka ce za su iya wasu suka ce sai sun yi shawara da gida. An yi maganar shaguna da ke rufe ranar Lahadi, da rarraba shara kala-kala, da rajistar adireshi cikin sati biyu da samun gida, da cewa Juma'a ranar aiki ce sai ka nemi alfarma wajen shugabanka, naman halal kuma sai shagunan Turkawa da Larabawa. Wani abokin karatunmu Inyamuri ya tambayi yadda muke azumi in rana ta yi tsawo a can, mu ma muka tambaye shi yadda ƙungiyoyin garinsu ke tarbar baƙo su riƙe shi har ya tsaya da ƙafarsa, abin da mu har yanzu ba mu tsara ba sosai. Shekara da shekaru muna gari ɗaya da mutanen nan ba mu taɓa zama irin wannan ba.

Wanda yake da sana'a da takardar shaidarta, yana da haƙurin shekara ko fiye, ina ba shi shawara ya shiga, amma ya nemi ajin safe don an ce ya fi ƙarancin mutane, ya kuma tambayi jimillar kuɗi har da na jarrabawa kafin ya biya. Wanda yake neman a ce masa wata uku ka tashi, nan ba wurinsa ba ne, ba za su ma karɓi wannan maganar ba. Ni na riga na biya na A2, na kuma gaya musu maganar sola da cunkoson aji baki da baki, sun ce suna dubawa.