Littattafan Luke Harding Kan Leƙen Asirin Rasha: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Idan kuɗin littafi ɗaya kake da shi, ka sayi A Very Expensive Poison. Shi ne mafi inganci a cikin abin da Luke Harding ya rubuta kan Rasha, kuma tazarar da ke tsakaninsa da sauran ba ƙarama ba ce. Sauran ukun da ke kan kantata su ne Mafia State na 2011, Collusion na 2017 da Shadow State na 2020. Marubuci ɗaya ne, amma nauyin hujjar da ke cikinsu ba ɗaya ba ne, kuma ya kamata mai saye ya san haka kafin ya zaro kuɗinsa.

Harding ɗan jaridar Guardian ta Birtaniya ne, shi ne wakilinta a Mosko daga 2007 zuwa 2011. A Fabrairun 2011 ya dawo daga Landan, jami'an filin jirgin Domodedovo suka hana shi shiga ƙasar, suka mayar da shi inda ya fito. Mutum ne da ya zauna a cikin Rasha da iyalinsa, kuma yana da ciwon abin da aka yi masa. Ana jin duka biyun a rubutunsa.

Ni malamin kemistiri ne a sakandare, saboda haka gubar ce ta fara jana zuwa A Very Expensive Poison na 2016. Labarin Alexander Litvinenko ne, tsohon jami'in FSB, hukumar tsaron Rasha, wanda ya fito gaban 'yan jarida a 1998 ya zargi shugabanninsa da ba da umarnin kashe attajiri Boris Berezovsky, sannan ya tsere zuwa Birtaniya a 2000. Ranar 1 ga Nuwamba 2006 ya gana da wasu 'yan Rasha biyu, Andrei Lugovoi da Dmitry Kovtun, a otal ɗin Millennium da ke unguwar Mayfair a Landan. Ya kurɓi koren shayi kaɗan daga butar da ya tarar a kan tebur. Ranar 23 ga watan ya rasu a asibitin University College.

Abin da aka zuba a butar shi ne polonium-210. A aji ina gaya wa ɗalibai cewa Marie Curie da mijinta ne suka gano polonium a 1898, aka raɗa masa sunan ƙasarta Poland, kuma duk kwana 138 ƙarfin wannan nau'in nasa yakan ragu da rabi. Yana fitar da ƙwayoyin alfa, waɗanda ko takarda tana iya tare su. Idan yana cikin kwalba ba ya cutar da mai ɗauke da shi, na'urorin filin jirgi ba sa ganinsa, amma da zarar ya shiga ciki sai ya riƙa cin ɓargo da hanji da hanta. Shi ya sa likitoci suka daɗe cikin duhu. Gashinsa ya zube, ƙwayoyin jininsa suka ƙare, suka fara zargin wata guba daban mai suna thallium. Sai dab da rasuwarsa masana a cibiyar makaman nukiliya ta Aldermaston suka gano ainihin abin daga fitsarinsa. Harding ya bayyana wannan sashe daidai yadda yake a kimiyyance, bai yi ƙari ba, kuma ya sauƙaƙa shi yadda wanda bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba zai fahimta. Ina amfani da wannan labarin yanzu idan na zo koyar da bambancin alfa da gama, kuma a wannan darasin ba na ganin mai gyangyaɗi.

Da aka san abin da ake nema, sai sawun makasan ya fito fili. Sun yi ta yawo a Landan kamar mai ɗauke da buhun gero mai huji, ko'ina suka taka sai sun bar burbushi: ɗakunan otal, kujerun jirgin sama, ofishin da suka fara gwada ba shi gubar a tsakiyar Oktoba, filin wasan Arsenal inda Lugovoi ya je kallon ƙwallo da CSKA Moscow a daren ranar, da magudanar ruwan banɗakin otal. Ita kanta butar shayin, ma'aikata sun wanke ta sun ci gaba da zuba wa baƙi shayi a ciki har makonni kafin a gano ta. Sashen da ya fi taɓa ni shi ne hirar da Litvinenko ya yi da 'yan sanda daga gadon asibiti. Mutum yana mutuwa, amma yana zayyana musu inda kowa ya zauna, da abin da kowa ya faɗa, har da yadda Lugovoi ya kawo ƙaramin ɗansa ya ce su gaisa bayan an riga an sha shayin. A nan na ajiye littafin na ɗan lokaci. Mahaifinsa da maƙwabcinsa Ahmed Zakayev, jagoran 'yan Checheniya da ke gudun hijira a Landan, sun ce ya karɓi Musulunci kafin ya cika. An binne shi a maƙabartar Highgate cikin akwatin da aka liƙe saboda tururin da ke jikinsa.

Ƙarfin littafin daga tushensa yake. An gina shi ne a kan shaidar da aka gabatar a gaban kwamitin bincike na alƙali Sir Robert Owen: awon masana, hotunan kyamarar otal, bayanan waya, da mutanen da suka tsaya aka yi musu tambayoyi. A Janairun 2016 Owen ya yanke cewa Lugovoi da Kovtun ne suka yi kisan, kuma mai yiwuwa da amincewar shugaban FSB na lokacin, Nikolai Patrushev, da Shugaba Putin. A 2021 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ma ta ɗora wa Rasha alhakin. Rasha ta musanta, ta ƙi miƙa mutanen. Lugovoi ya zama ɗan majalisa tun 2007, Putin kuma ya ba shi lambar yabo a 2015, ana tsakiyar binciken.

Mafia State ya fi zama labarin kansa. Ya faɗi yadda ake shiga gidansa a Mosko idan ba sa nan, ba a ɗauki komai ba, sai dai a buɗe tagar ɗakin yara a bene mai tsawo, ko a saita agogo ya yi ƙara da tsakar dare, don dai ya san an zo. Yana karantuwa da sauri, kuma yana nuna yadda ake karya zuciyar ɗan jarida ba tare da an taɓa jikinsa ba. Amma shaidar mutum ɗaya ce a kan abin da ya same shi, haka za a ɗauke ta.

Collusion ne inda na rabu da shi. An fitar da littafin a Nuwamban 2017, lokacin da Amurka ke tafasa kan alaƙar Donald Trump da Rasha, kuma ana ganin gaggawa a jikinsa. Ya jingina sosai ga rahoton Christopher Steele, tsohon jami'in leƙen asirin Birtaniya, wanda ya tattara zarge-zarge daga majiyoyin da ba a bayyana ba, da kuɗin da suka fito daga ɓangaren 'yan Democrat. Harding ya jera abubuwa na gaskiya: ziyarar Trump zuwa Mosko a 1987, ganawar ɗansa da wata lauya 'yar Rasha a Yunin 2016, harkokin Paul Manafort, tsohon shugaban kamfen ɗinsa, a Yukiren. Sai ya bar mai karatu ya haɗa su ya kai ga hukuncin da sunan littafin ya riga ya yanke. Da rahoton Robert Mueller, mai bincike na musamman da gwamnatin Amurka ta naɗa, ya fito a 2019, ya tabbatar da katsalandan ɗin Rasha a zaɓen 2016, ta hanyar kutsen kwamfuta da shafukan bogi, har an tuhumi 'yan Rasha 13 a Fabrairun 2018 da jami'an leƙen asirin soja 12 a Yuli. Ya kuma nuna Manafort ya miƙa bayanan ƙuri'ar jin ra'ayi ga Konstantin Kilimnik, wanda ake zargi da alaƙa da leƙen asirin Rasha. Amma bai tabbatar da haɗin baki tsakanin kamfen ɗin Trump da gwamnatin Rasha ba, kuma binciken cikin gida na ma'aikatar shari'ar Amurka a Disamban 2019 ya nuna raunin majiyoyin Steele. Akwai kuma labarin da Harding ya sa wa hannu a Guardian a Nuwamban 2018, cewa Manafort ya gana da Julian Assange, wanda ya kafa shafin fallasa bayanan sirri na WikiLeaks, a ofishin jakadancin Ekwado da ke Landan. Manafort da WikiLeaks duk sun ƙaryata, rahoton Mueller kuma bai tabbatar da ganawar ba. Hausawa sun ce zato zunubi. Abin ya dame ni ne domin na ga abin da mutumin ke iya yi idan ya tsaya kan hujja.

Malamin tarihi a makarantarmu ya ga littattafan a teburina a ɗakin malamai, ya ɗaga ɗaya ya juya bayansa. Ya ce, “Malam, wannan ai farfagandar Turawa ce. Wa ya kashe Lumumba? Wa ya rusa Iraƙi da Libiya?” Na ce, “Gaskiyarka, Malam, amma duk wannan bai cire polonium daga butar shayin ba.” Na ba shi aron littafin gubar, na nuna masa inda aka faɗi yadda gwamnatin Birtaniya da kanta ta yi ta jan ƙafa. Theresa May, tana ministar cikin gida, ta ƙi amincewa da binciken a 2013, ta ce har da la'akari da hulɗar ƙasa da ƙasa, sai da matar mamacin, Marina, ta kai ƙara kotu ta yi nasara a 2014. Harding ɗin dai shi ya rubuta The Snowden Files a 2014 kan leƙen asirin Amurka da Birtaniya. Malamin bai sauya ra'ayinsa kan Yammacin duniya ba, ni ma ban nemi ya sauya ba, amma ya karanta har ƙarshe.

Shadow State yana tsakiya. Babinsa kan garin Salisbury na Ingila yana da kyau: yadda aka shafa gubar Novichok a hannun ƙofar Sergei Skripal, tsohon jami'in leƙen asirin sojan Rasha, a Maris 2018, shi da 'yarsa Yulia suka tsira da ƙyar, sai Dawn Sturgess, wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ta rasu a Yuli bayan ta shafa abin da ke cikin wata kwalbar turare da aka tsinta. Masu binciken shafin Bellingcat suka bankaɗo ainihin sunayen mutane biyun da ake zargi, Anatoliy Chepiga da Alexander Mishkin, waɗanda suka ce wai hasumiyar cocin garin suka je gani. Sauran littafin ya maimaita abubuwa da dama daga Collusion.

Mai karatu daga nan ya sani cewa idon Harding yana kan Landan da Washington da Mosko ne. Abin da ya shafe mu sai an nema a wani wuri: shafukan da Facebook ta rufe a Oktoban 2019 masu alaƙa da Yevgeny Prigozhin, ɗan kasuwar Rasha, waɗanda suka nufi ƙasashe irin su Kamaru da Sudan da Libiya; gungun masu shafukan bogi da CNN ta gano a Gana da Najeriya a 2020; isowar sojojin Rasha masu ba da horo Yamai a Afrilun 2024; da tutocin Rasha da aka ɗaga a Kano lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa a Agustan 2024. Yunwa da fushi ne suka fito da matasan nan, ban ga laifinsu a fushin ba. Ina dai so a ce wanda zai ɗaga tutar wata ƙasa ya san yadda take yi da masu sukarta, kamar yadda muka san na Faransa da Amurka.

Turancinsa na jarida ne, jimloli gajeru, wanda ya gama sakandare da kyau zai iya bi. Wahalar ita ce yawan sunayen Rashawa, ni sai da na riƙa rubuta su a bayan bango. Nawa na hannu ne na saya a wurin masu tsofaffin littattafai, kuma ɗaya daga ciki ya zo da shafuka a zube saboda gam ɗin ya bushe, don haka ka buɗe tsakiya ka duba ɗaurin kafin ka biya. Idan ka samu littafin gubar, ɗauke shi. Mafia State ya biyo baya idan da rarar kuɗi. Shadow State ka ara, babin Salisbury ya isa. Collusion kuwa kada ka karanta shi sai da taƙaitaccen rahoton Mueller a kusa da kai, kuma ana samunsa kyauta a intanet.