Keken da zai kai ka zagayen tuddai ya dawo da kai: me ya kamata ka saya?

Ɗan'uwa in dai niyyarka ita ce irin zagayen nan na kilomita 80 ko 100 wanda za ka fita da sassafe ka bi ta ƙauyuka, ka hau tudu ka gangara ka sake hawa har ka dawo inda ka taso, toh kafin ka zuba kuɗinka a kan keke ka tsaya mu yi magana, domin ni na taɓa saye ba tare da na san me nake nema ba kuma na ji a jikina.

Lokacin da na je sayen na farko mai shagon ɗaga min shi ya yi da yatsu biyu yana cewa ji rashin nauyi, ni kuma na ji na yarda. Ban kalli giyar ba sam. Faifan giyar gaba guda biyu ne, mai haƙora 53 da mai 39, na baya kuma babbansa haƙora 25. A miƙaƙƙiyar kwalta kamar tsuntsu, amma ranar da na shiga tuddai, wajen kilomita 60 akwai wani hawa da ya fara daga bayan wani ƙauye da zarar ka tsallake 'yar gada, na danna giya na sake dannawa na ji babu saura, na miƙe tsaye a kan feda gwiwa tana zafi tayar baya tana zamewa a kan tsakuwa, dole na sauka na tura shi har sama. Ƙarfi na da saura a jikina ranar, giyar ce ta ƙare.

Shi ya sa na ce a fara da giya. Faifan gaba na keken tsere kala uku aka fi samu, 53/39 na 'yan gasa, 52/36 na tsakiya, sai 50/34 wanda ake ce ma kompak. A baya kuma za ka ga kaset, wato jerin faifan giyar baya, 11-28, 11-30, 11-32 ko 11-34, lambar farko haƙoran ƙaramin faifai ce, ta biyu na babban. Lissafin ba wuya, tayar keken titi zagayenta ɗaya kusan mita 2.1 ne, in kana kan 39 a gaba 25 a baya duk juyin feda ɗaya sai ka tura kanka da keken kusan mita 3.3, in kuwa 34 ne a gaba 34 a baya mita 2.1 kacal. Ka ɗauka kana hawan tudu mai kashi 10 cikin ɗari, wato duk mita ɗari ka ɗaga sama mita goma, kana tafiyar kilomita 8 a awa. Da giyar farko ƙafarka za ta juya sau 40 a minti, wannan niƙa gwiwa ne, da ta biyu kuwa sau 63 ne, kana zaune a sirdi kana numfashi. A tudu na farko ba lallai ka ga bambancin ba, a na bakwai ne za ka gane. Ni dai 50/34 da 11-34 nake ba kowa shawara, sai fa in kai ɗin gwani ne da ya daɗe a harkar. Amma ka tambaya ko abin canza giyar baya zai ɗauki 34, domin akwai mai gajeren hannu akwai mai dogo, mai gajeren yawanci bai kaiwa can.

Sai nau'in keken kansa. Akwai na tsere zalla irin su Specialized Tarmac da Giant TCR, kansu a ƙasa yake sosai, za ka duƙa, gudu ba a magana amma bayan awa huɗu wuya da ƙugu za su fara yi maka magana in jikinka bai saba ba. Akwai na doguwar tafiya irin su Trek Domane, Giant Defy, Cannondale Synapse da Specialized Roubaix, su an ɗan ɗaga kansu, tsakanin tayoyin ya ɗan fi tsawo saboda haka sun fi natsuwa a gangara, kuma suna ɗaukar taya mai faɗi. Na uku shi ne na hanyar tsakuwa irin Trek Checkpoint ko Giant Revolt, wanda zai shiga ko'ina amma a kwalta za ka ji yana ɗan jan ƙafa saboda tayarsa. Gaskiya in zagayen naka kwalta ce ko da ta farfashe, na tsakiyar nan shi ne naka. In kuwa ka san akwai kilomitoci da yawa na burji a ciki toh ka duba na ukun, in ya so ka sa masa taya mai sulɓi.

Maganar taya ma tana da muhimmanci fiye da yadda mutane suka ɗauka. Da can 23 ko 25 milimita ake yayi a bugo iska ta yi tauri kamar dutse, yanzu hatta 'yan gasa sun koma 28 zuwa sama. Hanyar ƙauye ba ta rabuwa da rami da faci da laka da tarakta ta baro, taya 30 ko 32 da ba a cika mata iska ba tana shanye girgizar kuma tana kama ƙasa a kwana. Ka tambayi iyakar faɗin da firam ɗin zai ɗauka, wannan abu ne da ba za ka iya gyarawa daga baya ba. Tublas, wato taya marar tiyub, yana da daɗi don ruwan liƙi da ake zubawa a ciki yana toshe ƙananan huji da kansa, sai dai yana bushewa ana sabunta shi bayan 'yan watanni, kuma ko da shi ɗin kar ka fita ba tiyub da famfo a jikinka, tsakanin ƙauye da ƙauye ba lallai ka samu mai gyara ba.

Birki kuma, nan ne nake da tsauri. Mai kama rim ya fi sauƙin gyara kuma bai kai nauyi ba, in rana ce garau yana aikinsa. Amma na taɓa gangarowa ana yayyafi, na shawo kwana a bakin wani ƙauye sai ga dabbobi sun cika hanya, na matse birki sai da tayar ta yi juyi kamar biyu kafin robar ta share ruwan ta kama, wallahi wannan ɗan lokacin ban manta shi ba. Birkin faifai, wato mai kama wani faifan ƙarfe a tsakiyar taya, in mai aiki da mai ne ba ya yin haka, da yatsa ɗaya za ka riƙe shi, kuma a doguwar gangara hannu bai gajiya. Birkin faifai mai aiki da waya kuwa yana tsakiya, ya fi na rim a ruwa amma bai kai mai man ba. In kuɗinka zai kai ka ɗauki mai man.

Firam na kabon ko na alminiyom? Nan ne ake cin kuɗin mutane. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ma ba ta yarda keken gasa ya gaza kilo 6.8 ba, naka kuwa zai iya kai 9, kai kanka 75, ruwa da kayan gyara 2, jimla 86. In ka rage kilo ɗaya ka rage kashi ɗaya da 'yan kai ne cikin ɗari, a hawan awa guda wajen sakan 40 kenan, gorar ruwa ɗaya cikakkiya ma ta kusa wannan nauyin. Alminiyom mai kyau da kayan giya na kamfanin Shimano samfurin 105 ko Tiagra ya fi min kabon mai arha da aka liƙa masa tarkacen kaya. Claris da Sora, ƙananan samfuran Shimano ɗin, su ma suna aiki, giya 8 da 9 ne a baya, kawai dai tazarar tsakanin giya da giya ta fi faɗi, za ka riƙa jin ɗaya ta yi nauyi ɗaya ta yi sakwat. In na hannu za ka saya kuma kabon ne ka duba shi a cikin haske sosai, musamman wajen wuya da ƙarƙashin feda, tsagewarsa tana ɓuya.

Kuma don Allah kar ka karɓi wanda ba girmanka ba don an rage maka kuɗi. Ka hau shi, ka nemi tudu mafi kusa ka sa shi a giya mafi sauƙi ka hau a zaune, ka gangaro ka matse birki hannunka na ƙasan kan keken ka ji ko yatsunka suna kaiwa. Abin da ya rage a aljihu kuma ka sayi hular kwano da fitilar baya da wandon keke mai soso.