Butar ƙarfe ta Nambu: ruwa zalla take so

Mai niyyar sayen butar ƙarfe ta Japan ya fara sanin cewa iri biyu ce, kuma da wuya ka bambance su a hoto. Akwai wadda ake ɗorawa a wuta a tafasa ruwa, cikinta ƙarfe ne tsura. Akwai kuma ƙarama wadda aka yi wa cikinta shafe mai sheƙi, tana zuwa da 'yar rariya. Ita ba ta hawa wuta, ganyen shayi ake zuba mata a bi shi da ruwan zafi. Tawa ta farkon ce, mai cin lita 1, kuma da ita nake karyawa tun damina.

A lardin Iwate da ke arewacin Japan ake yin ta, a garuruwan Morioka da Mizusawa. Sana'ar ta kafu a Morioka tun ƙarni na 17, lokacin da sarakunan gidan Nambu, masu mulkin yankin, suka gayyato gwanayen zubin ƙarfe daga Kyoto, kuma a 1975 gwamnati ta sa ta cikin sana'o'in gargajiya da ƙasa ta amince da su. Ba ƙira ake yi da guduma ba, zubi ne: a narka ƙarfe a kwarara shi cikin mazubin yashi da yumɓu.

Abin da ya ja ni gare ta shi ne adon jikinta, 'yan ƙulle-ƙullen nan da suke kira arare. Kowane ɗigo da hannu ake danna shi a jikin mazubi da ɗan tsinken ƙarfe, ɗaya bayan ɗaya, kafin a yi zubi. In ka bi layin da yatsa daga bakin murfi zuwa ƙasa, za ka ji ƙwayoyin suna ƙara girma a hankali, har can wajen bakin tsiyaya akwai guda biyu da suka ɗan matsu da juna. Da farko na yi ta kallonsu, yanzu kuwa da su nake gane tawa. Adon tsoho ne, amma gindin na zamani: an shafe shi sumul don ya zauna a kan murhun lantarki, ga shi yana hawa gas, yana hawa gawayi. Masu launin ja da shuɗi da ake gani a intanet galibi ƙananan ne, waɗanda kasuwar Turai ta fi saye.

Ruwan da ta dafa ya fi laushi a baki, wannan na tabbatar. Ɗan gafin da ruwan famfo ke da shi yana raguwa, kuma ruwan yana jimawa bai huce ba. Ruwan burtsatse ya bar mata farin ɓawo a ciki. Masu yin ta sun ce a bar shi, shi ne kariyarta daga tsatsa.

Sai dai buta ce mai sharaɗi kamar amarya. Ba sabulu, ba soso, ba a sa hannu a ciki, domin da wutar gawayi aka gasa cikinta har ya yi wata 'yar fata da ke tsare ƙarfen. Ruwa ba ya kwana a ciki: ka juye, ka buɗe murfi, zafin jikinta ya busar da ita. Irin shayinmu da ake haɗa ganye da citta da kanumfari da sukari a bar shi yana ɓararraka kuwa, ba wurinsa ba ne. Ganye in ya haɗu da ƙarfe tsura baƙi yake komawa. Ranar da wani baƙo ya ɗauke ta zai haɗa mana irin na Agadas, da gudu na karɓe, har ya ji haushi.

Nauyi ma akwai, ta haura kilo ko babu ruwa. Murfin yana zafi sosai, sai da tsumma, kuma in ka karkata ta da yawa yana neman zamewa. Kuɗin aikowa da na kwastan sun kusa kamo kuɗin butar kanta. Gidan da ake dafa wa mutum goma shayi da asuba, wannan ba tasu ba ce, su nemi babbar butar silba. Ni da ke shan kofi biyu ni kaɗai kafin fita, ta ishe ni, kuma ƙaramar mai rariya nake tara wa kuɗi yanzu.